Dattin da Gwaggo Ta Wanke

Ni da na tashi a Katsina, inda ruwa mafi girma da na sani shi ne kududdufin bayan gidanmu in damina ta yi albarka, sai ga ni na ƙare a karatun halittun bakin teku. Har yau in 'yan uwa suka tambaye ni abin da nake karantawa na gaya musu, sai su ce, "To, Allah ya ba da sa'a," da irin muryar da ake yi wa mara lafiya sannu. Abin dariyar ma, garin da na yi karatun, Greensboro, ko kusa da tekun ba ya. Sai ka ci kusan rabin wuni a mota kana nufar gabas kafin iska ta fara kawo maka ƙarnin ruwan gishiri.

A gidan Gwaggo na zauna, ƙanwar mahaifina. Aure ne ya kai ta Maraɗi, daga can kuma ita da mijinta suka yo nan tun ban san kaina ba. Gidan ƙarami ne, tsohon ginin katako a unguwar Glenwood, da ƙafa nake tafiya makaranta daga nan. Mijin nata, Alhaji, babbar mota yake ja, sai ya yi makonni ba mu sa shi a ido ba. 'Ya'yansu sun girma sun watse wasu garuruwa. Saboda haka yawanci daga ni sai ita, sai kulolinta.

Dole in yi maganar kulolin nan. Gwaggo girkin taro take yi. Duk wani suna ko ɗaurin aure ko walimar sauka da 'yan Nijar da 'yan Najeriya za su yi a garin, da wuya a ci a tashi ba a buɗe kular Gwaggo ba: masa, dambu, tuwon shinkafa da miyar taushe. Kulolin jere suke a barandar baya, manya da ƙanana, kuma doka ɗaya ce a kansu: kula ba ta zama da datti. Ko daga ina ta dawo, ko wa ya dawo da ita, sai ta ga soso da sabulu da ruwan bilic, wanda ita take ce wa jabel. Mace ce da in ta hango ɗigon miya a murfin tukunyar maƙwabciya, hannunta ƙaiƙayi yake yi.

Aikina kuwa datti ne zalla. A kan kawa nake bincike, halittar nan mai ɓawo biyu da ke zaune a bakin teku. 'Ya'yanta in an ƙyanƙyashe su yawo suke a ruwa, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Daga nan kowanne sai ya nemi wani abu mai tauri ya manne, kuma inda ya manne nan zai rayu har ya mutu. Inda suka taru da yawa suna tace ruwa, suna kuma karya ƙarfin igiyar da ke cinye gaɓa. Ni abin da nake son sani shi ne, a cikin wani rafin gishiri da ke ratsa ciyayi kafin ya faɗa teku, ina suka fi son sauka. Yadda ake ganewa ba wuya a baki. Za ka samo tayil maras santsi, ka rubuta wa kowanne lamba, ka ɗaure su a jikin sanduna, ka kafa a cikin taɓo wuri-wuri. Ka bar su makonni. In ka dawo sun yi kaca-kaca da yauƙi da gansakuka, sai ka kai ɗakin gwaje-gwaje ka sa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa, ka ƙirga 'ya'yan da suka manne. Sai dai kawa ba ta haihuwa sai ruwa ya yi ɗumi. In lokacin ya wuce ka, sai baɗi, ni kuwa shekarar ce ta ƙarshe da makaranta ta ba ni.

Da zafi ya kama muka je muka kafa, ni da sauran ɗalibai da malamarmu, wata farfesa baturiya mai furfura wadda ba ta ɓarnar magana. Da lokacin ɗebowa ya yi, kulolin makaranta ba su ishe mu ba, na roƙi Gwaggo aron ɗaya. Ta ba ni wata shuɗiya babba, ta ce in kula mata da hannun, ya fara sassautawa.

Ranar ɗebowa na sha wuya, amma da daɗi na sha ta. Taɓon wurin ba irin wanda na sani ba ne. Baƙi ne wuluk, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, in ka taka sai ya haɗiye ka har gwiwa ya ƙi sakinka. Ga ƙananan kaguwa suna ta guje-guje, ga cinnaku masu fiffike da ba a gani sai dai a ji. Na jera tayil ɗina a kula, kowanne cikin jiƙaƙƙen tsumma, na zuba ƙanƙara a gefe. Da muka iso Greensboro da yamma, sai muka tarar ɗakin sanyin da ake ajiya ya lalace. Farfesa ta ce kowa ya tafi da kularsa gida, ya ajiye a inuwa, mu haɗu gobe da hantsi.

Na shiga gida tiƙis. Na ajiye kular a barandar baya, na leƙa kicin na ce, "Gwaggo, ga kayan makaranta nan a baranda, gobe zan wuce da su."

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta toshe hanci. "Wuce banɗaki tukuna. Wannan karatu ne ko haƙar masai?"

Da safe bayan na yi sallar asuba na koma na kwanta, gajiya ta danne ni. Warin jabel ne ya tashe ni. A gidan nan ba baƙon wari ba ne, amma ban san dalili ba, ina jinsa na yi zumbur na miƙe. Na fito ko ɗankwali babu.

Ga shuɗiyar kula an kife ta tana shan rana, fes. Ga tayil ɗina an jera su a kan katakon baranda, ɗaya bayan ɗaya, jajaye tas kamar ranar da aka sayo su. Babu yauƙi, babu gansakuka, ko lambobin da na rubuta babu. Gwaggo na tsaye tana matse soson ƙarfe, fuskarta cike da jin daɗi.

"Kin tashi? Na ga kin gaji, na ce bari in rage miki aiki. Wallahi na sha fama. Akwai wasu 'yan ƙuraje-ƙuraje da suka kama jikinsu, sai da na sa wuƙa na kankare. Wala, shi ke nan, yanzu kya iya shiga da su lakwal, makarantar taku, ba kunya."

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a tsaye ba. Ihu ya taso mini har maƙogwaro. Amma wa zan yi wa? Babbar mace, ƙanwar ubana, ta tashi da sassafe ta duƙa ta wanke wa 'yar wanta kaya. A inda muka fito, in babba ya yi maka haka, magana ɗaya ce a bakinka. Na haɗiye ihun, na ce, "Sannu da aiki, Gwaggo. Allah ya saka da alheri."

Ta ce, "Amin, 'yar nan. Ga kunu can a filas."

Na koma ɗaki na cusa fuskata cikin filo na yi kuka mai isata. Haushi nake ji, haushi sosai, kuma rashin wanda zan sauke wa ya fi komai ci mini rai. Da na gaji da kukan na wanke fuska, na zuba tayil ɗin a jaka, na kama hanyar makaranta.

Farfesa ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta shinshina. Na ba ta labari. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce mini sannu ba. Ta ce a shekarunta na aikin nan ta ga ambaliya ta ci samfuri, ta ga jirgin masunta ya taka, amma wannan ne karon farko da ta ga an yi masa wanka. Sannan ta ce in zauna. Ta ce mafita biyu ce. Ko in karɓi ƙidayar wani ɗalibi da ya gama shekarun baya in yi rubutuna a kai, wanda ba laifi ba ne, ana yi. Ko kuma in gwada sa'ata, don kawa takan ƙara wata haihuwar kafin sanyi ya shigo, ko da yake ba kullum take yawa ba. Sai dai motar makaranta ta gama zirga-zirgar bana, kuma doka ce ba a shiga taɓon nan sai da wani tsaye a gaɓa yana kallonka.

Na ce zan sake kafawa.

Ta ce in je in yi tunani.

Na ce na gama tunanin tun a hanya. Ban baro Katsina na zo nan don in ƙirga kawar wani ba.

Faɗa da baki ya fi sauƙi. Ba ni da mota, ba ni da lasisi. Abokan karatuna kowa ya duƙufa a kan nasa madubin, wanda na tuntuɓa sai ya ce ya so a ce zai iya. Na lissafa kaf mutanen da na sani masu mota da kuma sararin ba ni wuni guda, lissafin ya dawo kan mutum ɗaya. Kuma ba yadda za a yi in roƙe ta ba tare da ta san dalili ba.

Na same ta tana tsince shinkafa. Na zauna a ƙasa kusa da ita na sa hannu a farantin. Na fara da nisa, yadda ake yi. Na yi zancen teku, na yi zancen kawa, na yi zancen yadda 'ya'yanta ke neman wurin mannewa. Tana ta cewa "ikon Allah" ba tare da ta ɗago ba. Sai na ce, "Gwaggo, 'yan ƙurajen nan da suka ba ki wuya ranar nan, ai su ne. Su nake zuwa ɗebowa."

Hannunta ya tsaya cak.

"Su ne me?"

"'Ya'yan kawar. Su ne furojet ɗin nawa, binciken gaba ɗaya."

Na zaci za ta tambayi makomar karatuna. Sai ta ce, a hankali, "Rai gare su?"

"Rai gare su, Gwaggo."

"Lokacin da na zuba jabel, da ransu?"

Na ce e.

"Guda nawa ne?"

Na ce ban sani ba, ban kai ga ƙirgawa ba.

Ta ajiye farantin. Ta yi salati, ta sake yi. Sannan ta juyo kaina da faɗa, wai don me na tsaya ina yi mata godiya kamar wata sakarya, na bar ta tana yawo da alhakin bayin Allah ba ta sani ba. Na ce to me zan ce mata? Ta ce ita ma ba ta sani ba, amma da na ce wani abu. Ranar shinkafar nan ba ta dahu da daɗi ba.

Washegari tana shafa addu'ar asuba ta leƙo ɗakina. "Yaushe za mu?"

Sai wanda ya san Gwaggo zai gane girman wannan tambaya. Tana da mota, wata doguwa da take ɗaukar kuloli, amma hanyoyinta sanannu ne: masallaci, shagon nama, gidajen taro, sai McLeansville inda take zuwa sayen rago wurin wani manomi. Babban titi kuwa, wanda take kira lotorut, ta rantse ba ita ba shi. Teku ma ta tagar jirgi kawai ta taɓa ganinsa, shi ma rufe ido ta yi.

Haka muka hau lotorut ɗin. Ta riƙe sitiyari da hannu biyu, ta matso har haɓarta na neman taɓa shi, bakinta bai huta da addu'a ba. Manyan motoci na wuce mu suna girgiza mu, duk wadda ta wuce sai ta ce, "Je ka, Allah ya kai ka, mu ba gudun tsere muka fito ba." Ni kuma ina ta duba agogo, don teku ba ya jira. Ruwan yakan janye ya ba ka 'yan sa'o'i, sannan ya dawo ya rufe komai. Na roƙe ta ta ɗan ƙara wuta. Ta ce in na ƙara magana za ta tsaya a gefen titi in sauka in tura.

Mun isa da ƙyar ruwa bai juyo ba. Na sa dogayen takalman roba, na ɗaure hijabina a ƙugu, na saɓi sanduna na shiga. Gwaggo ta kafa kujerarta a gaɓa, carbi a hannu, ta zama mai gadina. Ban taɓa samun mai gadi irinta ba. Ko kaguwa ta motsa sai ta ƙwala mini kira. "Ke! Fito, ruwa na zuwa!" In ce da saura. "Na ce ki fito, me zan gaya wa ubanki?" Ina kafa sanda ina amsa mata, har na kafa ta ƙarshe ruwa na lasar gwiwata. Tayil ɗin da ta wanke su na mayar, bayan na jiƙa su kwana da kwanaki warin jabel ya fita.

Sai jira. Wannan jiran ya fi na farko nauyi nesa ba kusa ba. Kullum da safe kafin in sha kunu sai na duba ɗumin ruwan wurin a waya, ina ganinsa yana sauka kaɗan-kaɗan. Ganyen bishiyoyin Glenwood ya fara ja. Ana cikin haka aka yi wata iska mai ƙarfi a bakin teku, da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, har nan Greensboro sai da muka ga ɓurɓushinta. Farfesa ta tare ni a barandar makaranta ta ce tayin da ta yi mini na nan, in ina so. Na gode mata, na ce sai na je na gani da idona. Gaskiya tsoro nake ji, amma na riga na sa ƙafa, kuma taurin kai a gidanmu ba a wurin Gwaggo kaɗai ya tsaya ba.

Ranar ɗebowa da sanyi-sanyi muka fita. Da na hango rafin da ƙyar na gane shi. Iskar ta sauya masa kama, ciyayi sun kwanta, sandunan da ke bakin teku babu su babu alamarsu. Na tsaya ina kallo. Daga bayana Gwaggo ta ce, "Tsayuwar me kike? Shiga ki nemo su mana." Yau ita ce mai cewa in shiga.

Na shiga. Waɗanda ke can ciki suna nan a tsaye, wasu sun karkace. Waɗanda suka faɗi kuwa da hannu na riƙa lalubensu cikin taɓo, ruwan sanyi na cizon yatsuna. A wani wuri na nutse har cinya, na ja ƙafa ta fito ta bar takalmin a ciki. Ban tsaya nemansa ba, da safa na ƙarasa. Ɓawon kawa ya yanke ni a tafin ƙafa, sai daga baya na ji zafin. Duk tayil ɗin da na ciro sai in kawo gaɓa, Gwaggo ta karɓa da hannu biyu, ta naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma kamar jariri, ta sa a kula. Taɓo ya ɓata mata hannun riga har gwiwar hannu, ba ta ko duba ba.

"Akwai su?" Haka take tambaya duk zuwa.

In ce ba a gani da ido, sai mun je.

Na samo fiye da rabi. Sauran teku ya ci.

A dawowa ban ce ta ƙara wuta ba, ita ta ƙara da kanta. Muka iso makaranta bayan la'asar. Na ce ta wuce gida ta huta, zan taho da ƙafa in na gama. Ta kashe mota ta ce ba inda za ta. Na ce abin zai ɗau lokaci. Ta ce ita ta ce mini tana sauri?

Farfesa na jirana a ciki. Na ɗora tayil na farko a ƙarƙashin madubi. Na bi shi lungu-lungu: yauƙi, yashi, wata tsutsa, ba komai. Na biyu ma haka. Na ji hawaye na taruwa, na ce wa kaina ba yanzu ba. A na uku, can gefe, sai ga wani ɗan abu zagayayye, ɓawonsa garai-garai har ana hango cikinsa. Na ɗiga masa ruwan gishiri na jira. Ya ɗan buɗe baki. Kusa da shi ga wani, ga wani kuma. Daga nan na daina jin ƙafata, na daina jin yunwa, ƙirga kawai nake ina rubutawa. Na bakin rafi da na lalubo kusan fayau suke, amma na can ciki, inda ruwa ke kwanciya, cike suke. Farfesa ta duba ƙidayar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ba su da yawa, amma bambancin a fili yake, za a iya rubutu a kai. Ta ƙara da cewa in je a duba mini ƙafar nan kafin in ɓata mata daɓe da jini.

Ana gab da magariba na fito, ina ɗingishi, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya da safa. Motar na nan inda na bar ta, ita kaɗai ta rage a filin. Tun daga nesa na ga gilashin na sauka.

"Sun isa?"

"Sun isa, Gwaggo."

"Da ransu?"

"Da ransu. Har ɗaya ya buɗe mini baki."

Sai ta kifa kanta a kan sitiyari. Matar da ban taɓa ganin hawayenta ba, ko ranar da aka bugo mata rasuwar mahaifiyarta a gabana, ga ta kafaɗunta na rawa. Na tsaya riƙe da ƙofa, ni ma nawa suka zubo, ban hana su ba. Mun jima a haka, ita a ciki ni a waje.

Can ta ɗago, ta share fuska da hannun rigarta mai taɓo, ta tada mota.

"Shigo mu je," ta ce. "Wari kike yi."